Romon Kazar da Na Zuba wa Madam Odil

Ummi ƴata, kafin ki yi wayo sosai za ki ji labarin nan a bakin wasu, don haka gara ki fara jin sa a nawa. A gidajen suna na Vaulx-en-Velin, unguwarmu ta gefen Lyon, har yau akwai matan da ke rage murya in na shigo. Abu biyu suke faɗa a kaina. Wai an kore ni daga aiki don na zuba wa wata tsohuwar Baturiya abu a abinci, kuma wai na je har Paris na ɗauko mata boka. Na farkon gaskiya ne. Na biyun kuwa, na je Paris, na ɗauko mutum, amma wani tsoho ne kurma mai ciwon gwiwa, ko ƙwayar aspirin bai iya rubutawa ba balle laya. Ba don a tausaya mini nake rubuta wannan ba. Inda na yi laifi zan faɗa da bakina, inda ban yi ba kuma ba wanda zan ba haƙuri.

Shekarata ashirin da uku a lokacin. Na bar lise, wato sakandare, a Damagaram ban samu bak ba, takardar kammalawa ke nan, Kawu Sani, ƙanen mahaifiyata, ya yi ɗawainiyar zuwana. Shi aikinsa ɗaukar nama da dare a Rungis, babbar kasuwar abinci da ke bayan Paris, ɗakinsa kuma da ƙyar yake ɗaukar katifa da tabarmar salla, sai ya miƙa ni Lyon wurin yayarsu, Inna Balki. Na yi ɗan horo na kula da tsofaffi, wata ajans mai tura mata gidaje ta ɗauke ni. Aikin ba shi da wuyar ganewa. Ki yi wa tsoho wanka, ki dafa, ki ba shi magani a kan lokaci, ki rubuta duk abin da ya faru a kaye, littafin da ke kan tebur, don anfirmiya, wato nas, da ƴan gida su karanta. Ni mai sauri ce. Abin da wasu ke yi a awa uku nakan gama a biyu, kuma ba na tsayawa tambaya. Ki lura da halin nan, don na fara ganin sa a jikinki.

Madam Odil tana zaune a unguwar Croix-Rousse, hawa na huɗu, gidan ba asansar mai hawa da mutum sama, ƙafa ce kawai. Ta haura tamanin, zuciyarta ta gaji, ta rame har zobe na zamewa daga yatsarta. Ɗa guda gare ta, Filip, yana zuwa ran Lahadi da furanni, ya karanta kaye, ya tafi. A ƙofar firigo, wato firij, an manna takarda da rubutun hannunta: ba nama, ba ƙwai, ba madara, ba cuku, ba man shanu, kifi ba laifi. A tsaye na karanta, jaka a kafaɗa. Na ce ko dokar likita ce, ko kuwa irin yayin nan na Turawa da yau a ce wannan na kisa gobe a ce shi ne magani. Tana nan zaune a kujerarta taku biyar daga ni, bakinta lafiya lau, ban ce mata me ya sa ba.

A bangon falo akwai hoton wani tsauni da rusasshen gini a ƙwanƙolinsa. Ran da ta ga ina goge masa ƙura ta kira ni.

"Kin san wurin nan, ma petite?" Haka take kirana, wato ƴar ƙarama.

"Kango ne a kan dutse, Madam."

"Kango ne. A gindinsa aka ƙone mutanena."

Daga ranar na fara jin labarin Katar, kuma ba ƙasar Larabawa take nufi ba. Wasu Kiristoci ne da suka yi zamani a kudancin Faransa shekaru ɗaruruwa da suka wuce, coci ta ce ɓatattu ne, ta bi su da yaƙi da wuta har ta ƙarar da su. Su a wurinsu masu halitta biyu ne. Na kirkin ya yi rai, mugun ya yi jiki da ƙasa da duk abin da ido ke gani. Rai fursuna ne a cikin jiki, in mutum ya mutu bai tsarkaka ba sai ran ya sake faɗawa wani jikin, na mutum ko na dabba, a sake sabuwar wahala. Ina yanka albasa tana ba ni labari daga falo, ni kuwa ba na iya jin abu irin wannan in haɗiye.

"Madam, wannan ai shirka ce tsagwaronta. Allah ɗaya ne. Shi ya yi rana, shi ya yi sauro."

"To ki gaya masa sauron bai yi ba."

"Ni zan gaya masa? Ke da kika fi ni kusa da tafiya, ki gaya masa da kanki."

Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, sai da na bubbuga mata baya. Tun daga nan muka shaƙu. Kullum sai mun yi musu, ita ba ta ja da baya, ni ma haka, kuma ba ta taɓa cewa in bar addinina ba, ni ce ma nake cewa ta bar nata. Sau ɗaya kawai na rufe bakina. Akwai hoton wata yarinya kusa da gadonta, Klara, ƴarta, ta rasu tana da shekara shida da ciwon jini. Ta ce mini wanda ya yi cutar da ta cinye ƴarta ba shi take roƙo ba. Na ce Allah ya ba ta haƙuri, na fita na bar ta. Duk da haka a zatona labarin Katar ɗin nan karatu ne kawai na tsohuwar da ta tara littattafai. Ban taɓa haɗa hoton bango da takardar firigo ba.

Abin da ke damuna cin abincinta ne. Cokali uku na miyar ganye ta ture kwano ta ce ta ƙoshi. Ke kin tashi a nan, bari in gaya miki yadda abin yake a gida. A wurinmu tsoho in ya ce ya ƙoshi, kara ce, ba ya son a ce yana da ci. Marar lafiya in ya ce ba ya ci, cutar ce ke magana. Ba a biye musu. Ana zama a kansu, a lallasa, a tsawata, in ta kama a yi musu dabara, kuma wadda ta bar majinyacinta da yunwa don wai ya ce ba ya so, ita ake zagi a unguwa. Da wannan na girma. Na kai kukana wurin Inna Balki tana tsinke zogale a kicin.

"Ruwan karas kike ba mutum kina jiran ya tashi?"

"An rubuta ba nama, Inna."

"Wa ya ce nama? Romo na ce. Ki dafa kaza ta dahu luguf, ki tace da ƙyalle, ruwan ki kai mata, naman mu ci a nan. Kakarki da ta kwanta wata biyu, da me muka tashe ta? Da takardar firigo?"

Ba zan ɗora wa Inna ba. Ita faɗa ta yi, ni na aikata, kuma da murna na aikata. Duk safiya ina zuwa da kwalbar romo a jakata, in juya baya in tuttula a tukunya. Sati biyar. Kuma, Ummi, abin ya yi aiki, wannan shi ne ɓangaren da ya fi wuyar faɗa. Cokali uku ya koma kwano guda. Kumatunta suka ɗan ciko, ta fara takawa zuwa taga da kanta tana zagin tattabaru. Anfirmiya ta rubuta yabo a kaye. Filip ya tsaya wata Lahadi takanas ya bar mini takardar godiya. Ina hawa benen nan huɗu kamar ni na gina shi, ina ce wa kaina Turawa da duk likitocinsu abin da suka rasa kaza ce.

Wata Laraba da hantsi ta share kwanonta da burodi, ta ce in zauna. Na ce akwai wanki. Ta ce wankin ba zai gudu ba.

"Kin san yadda ake gane ƴan Katar in an kama su? Ba sa ƙarya, amma sun iya shiru. Sai a miƙa wa mutum kaza da wuƙa a ce ya yanka. In ya yanka ya koma gida. In ya ƙi, wuta."

"A kan kaza?"

"A kan kaza. Da yawa sun ƙi."

Sai ta gaya mini abin da da na tambaya tun ranar farko da na ji. Tun rasuwar Klara ba ta ƙara sa nama a bakinta ba. Akwai wasu ƴan tsiraru da suka karanta hanyar mutanen nan suka ɗauke ta, yawancinsu sun mutu, saura wani tsoho a Paris, Bernar. Da likita ya ce zuciyarta ba za ta yi nisa ba, Bernar ya zo ya yi mata abin da suke kira konsolama. Ana ɗora wa mutum ƙaramin littafinsu a ka, a ɗora hannu, a yi addu'a, shi ke nan ya tsarkaka, ya shirya tafiya. Daga nan kuma ba nama, ba abin da ya fito daga jikin dabba, ba ƙarya, ba rantsuwa, har mutuwa.

"In aka karya fa?" na ce.

"Komai ya rushe. Sai in dawo." Ta dubi hoton Klara. "Ba na son dawowa, Rakiya. Sau ɗaya ya ishe ni. Shi ya sa da ajans suka ce musulma za su turo na yi murna. Ku kun san abin da ake nufi in an ce ba a ci."

Kwalbar tana cikin jakata a rataye bayan ƙofa, da sauran ɗuminta.

Inna Balki ko ɗaga kai ba ta yi ba da na gaya mata. Ta ce me na karya, abin da dama ba addini ba ne? Ta ce lada ma na samu, na ciyar da marar lafiya. In ina jin nauyi in daina zubawa, in ja bakina in yi shiru, tsohuwa ta mutu da kwanciyar hankalinta ni kuma in riƙe aikina. Maganarta ta yi mini daɗi, kuma ta wani gefen ba ƙarya ta faɗa ba, don ni ban yarda Madam Odil za ta dawo a jikin kowa ba, har yau ban yarda ba. Amma na kasa cin tuwo. Da la'asar, lokacin da na san Kawu Sani ya tashi daga barcinsa na rana, na kira shi. Muka gaisa a gurguje, na zayyana masa komai. Na ji ya kurɓi shayi.

"Rakiya, da ita ce ke dafa miki, ta ga kin rame, ta riƙa zuba miki man alade sati biyar, kika yi ƙiba, kika yi kyau. Za ki gode mata?"

"Kawu, ai ba ɗaya ba ne."

"A wurinki. Ita da ta ba ki tukunyarta, ce miki ta yi ki duba ko addininta gaskiya ne?"

Ya ci gaba.

"Shekara ashirin ina tura nama. Akwai keken halal, akwai ɗayan. In na haɗa su ba wanda zai sani, mai saye yana can Marseille yana bismilla. Ban taɓa haɗawa ba. Ki je ki gaya mata, sauran kuma a gani."

Washegari ko mayafi ban cire ba. Na ajiye kwalbar a kan tebur gabanta, na ce wannan romon kaza ne, sati biyar ina zuba mata a miya, na ga takardar ban tambaya ba, laifina ne. Ban yi kuka ba, ban kawo zancen kakata ba. Ta kalli kwalbar, ta kalli hannuwanta da suka ɗan yi nama. Na so ta zage ni, ko ta jefe ni da kwano. Sai kawai ta ce in taimaka mata ta koma gado, ta juya fuska bango. Ranar ba ta ci komai ba. Juma'a ma haka, ruwa kawai, shi ma sai ta ga na tara daga famfo. Na dafa miya a gabanta, na buɗe kowane ƙunshi ta gani, ta ce ba ta ce ina ƙarya ba, maƙogwaronta ne ya rufe. Mace mai irin zuciyarta ba ta da kwana da yawa na yunwa, wannan ko ban yi bak ba na sani.

Na ce a kira Bernar. Ta ce ya kurumce, ba ya jin tarho, gwiwoyinsa kuma sun ƙare tun bayan zuwansa na ƙarshe. Filip ma ya hana shi gidan, yana cewa ƴan ƙungiyar asiri ne masu juya wa tsofaffi kai. Can da yamma ta jawo durowa ta fito da ɗan littafi mai baƙin bango.

"Ke ki yi mini. Kin faɗi gaskiya ba wanda ya tilasta ki. Ki ɗora kawai, ni zan karanta."

"Ba zan yi ba, Madam. Ni musulma ce, hannuna ba zai yi wannan ba. Kuma ko a dokarku ban cancanta ba, jiya ma kaza na ci, naman taki."

Ta kusa yin murmushi, bai fito ba.

"To shi ke nan."

"Ba shi ke nan ba. Ina adireshinsa?"

A bayan wata ambulan na kwafa. Asabar ba ranar aikina ba ce, na shiga jirgin ƙasa na safe. Kawu ya tare ni a gar, tashar jirgin Paris, daga aiki ya wuto ko barci bai yi ba, idanunsa jajur. Muka sami gidan a wata unguwa ta gabashin Paris, muka yi ta buga ƙofa har maƙwabciya ta leƙo ta buɗe mana da makullinta. Bernar ɗan ƙaramin tsoho ne, gashi fari fat, yana zaune cikin bargo da rana tsaka. Tun a jirgi na rubuta komai a takarda da faransancina na lise, na miƙa masa. Ya karanta sau biyu. Ya ɗago da muryar kurame, mai ƙarfi.

"Wa ya gaya mata?"

Na nuna ƙirjina.

Ya ce a miƙo masa kwat ɗinsa. Yana sa hannu ɗaya ya tsaya, ya ce bene huɗu ne, wancan karon ma a zaune ya hau rabi, yanzu ko ɗaya ba zai iya ba. Kawu ya zagaya shi yana dubawa sama da ƙasa yadda yake duba kaya a wurin aiki.

"Cinyar saniya ta fi shi nauyi," ya ce da ni da Hausa. "Mu tafi. Dama na kwana biyu ban ga Balki ba."

Haka muka dawo Lyon mu uku, tsohon a tsakiya yana cin tuffa, Kawu yana minshari. A gindin benen Croix-Rousse Kawu ya durƙusa, na ɗora masa Bernar a baya, na bi su da sanda da jaka. A hawa na biyu tsohon ya sunkuyo ya shinshina wuyan rigarsa.

"Kana warin mahauta," ya faɗa, duk benen ya amsa.

"Shi kuma yana warin kabeji," in ji Kawu, yana haki. "Kar ki fassara."

A hawa na uku ya tsaya ya gyara goyo. Na ce Kawu, anya abin da muke yi ya halatta? Ya ce shi ba addinin kowa ya goyo ba, tsoho ya goyo, in buɗe ƙofa kafin bayansa ya karye.

Masu cewa ni na riƙe littafin ƙarya suke yi, ki gaya musu ni na ce. Mun kai shi bakin gadonta, mun ja ƙofa, mun koma kicin. La'asar ta yi, Kawu ya shimfiɗa rigarsa tsakanin firigo da tebur ya yi salla, ya idar ni ma na yi a wurin. Abin da ya gudana a ɗakin ban gani ba, ban kuma tambaya ba, wannan karon da gangan. Da aka buɗe ƙofa tana zaune a jingine, Bernar yana gutsura mata burodi tana karɓa. Ba ta dube ni ba. Kafin mu fita na ɗauki kaye na rubuta duka, romon da sati biyar ɗinsa, kwana biyun da ba ta ci ba, da sunan wanda na kawo. Na sa hannu. Kawu ya leƙa ta kafaɗata ya ce ko wannan ba sai an rubuta ba. Na ce ai shi ya fara sa ni faɗin gaskiyar.

Lahadi Filip ya karanta, ya kira ni. Abin da ya ba ni mamaki, romon bai dame shi ba ko kaɗan. Cewa ya yi ashe shi ya sa ta yi kyau, in ci gaba da zubawa, kar dai in ƙara gaya mata. Zuwan Bernar ne ya ƙona masa rai, amma ya ce zai bar zancen in na yi alkawarin romon. Na ce ba zan zuba ba. Ya ce uwarsa ce. Na ce bakinta ne. Ya kashe waya, ya kai ƙara ajans. Ba na jin haushinsa, mutum ne da ke son uwarsa ta ƙara kwana, ni ma abin da na so ke nan da na ɗauko kwalba. Shef ɗinmu, shugabar ajans, ita ma ba ta zalunce ni ba. Na saɓa takardar abinci, na shigo da baƙo ba izini, duka biyun da hannuna na rubuta, ba ta da abin bincike. Aka sallame ni, kuma takardar sallamar ta bi ni, ban ƙara samun aikin tsofaffi ba, shi ne na koma kicin ɗin makaranta inda kika san ni. Inna Balki ta yi wata uku sai gaisuwa, ita da Kawu kuwa sun fi haka, don ta ce shi ya zuga ni. Labarin ya fita daga kicin ɗinta ya shiga unguwa, a hanya ya tsinci boka. Madam Odil ta rasu bayan wata biyu, a gadonta, anfirmiya ce ta tare ni a metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, ta gaya mini. Inda ta tafi Allah ya sani, ni ba a ba ni wannan aikin ba. Abin da aka ba ni tukunya ce.

Na bar miki safiyar Litinin a ƙarshe, don ita nake tunawa in matan nan sun rage murya. Ina kan bene shef ta kira ta ce in zo buro, ofis ɗin ajans, da tsakar rana, kuma kar in koma gidan bayan nan. Na ce to, na ƙarasa hawa. A jakata akwai sabuwar tukunya da sabon ludayi, da takardarsu ba a ɓare ba. Madam Odil ta ce in jawo mata kujera bakin kicin. Na jawo. Ta zauna da bargo a cinya tana kallon hannuna, karas, dankali, albasa, gishiri, ruwan famfo.

"Ba don ban yarda da ke ba ne," ta ce.

"Don ba ki yarda da ni ba ne, kuma kin yi daidai."

Na zuba a kwano na ajiye gabanta, na koma na jingina da firigo, ban ce ci ba, ban ce ƙara ba. A duk rayuwata ban taɓa riƙe bakina kamar na ranar ba. Ta daɗe tana juya cokali. Ta kai ɗaya. Ta kai na biyu. A na uku ta tsaya, na ce shi ke nan, za ta ture.

"Rakiya."

"Na'am, Madam."

"Wancan ya fi daɗi."

"Na sani."

Ta ci gaba da sha, a hankali, har ta ga gindin kwanon. Sannan ta miƙo mini biro, ta nuna takardar firigo da haɓa, ta ce in ƙara layi ɗaya saboda wadda za a turo bayana. Na rubuta, ba romo. Ta ce ya isa. Ni ban ga ya isa ba, sai na ƙara a ƙasa da manyan baƙaƙe: in ba ki gane ba, tana falo, ki tambaye ta.